Gwanintar Haɗi: Daga Tukunyar Dalma Zuwa Ƙarfen Da Ya Zama Gilashi

Duk matar da ta daɗe tana girkin biki a Abuja ta san tukwanen dalma suna suka tara. Sai ka ga biyu jere a kasuwar Wuse, girmansu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, kowace tana sheƙi kamar azurfa. Ɗaya ta yi shekara goma sha tana shan wuta, a dafa shinkafar ɗaurin aure, a dafa waken suna, tana nan garau. Ɗayar kuwa kafin damina biyu ta zagayo gindinta ya yi zanzana, wata rana a ɗora sanwa a ji ruwa yana ɗiga cikin murhu. Shi ya sa mai saye ba ta gaggawa. Ta ƙwanƙwasa ta saurara, ta ɗaga tukunyar ta fuskanci rana ko haske zai ɓullo, sannan ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba ta yoyo?" Shi kuma ya dafa ƙirji: "Hajiya, wannan zubin mai kyau ne, ba a haɗa mata tarkace ba."

Mai tukwane ciniki yake nema, amma bakinsa ya faɗa kan gaskiyar magana. Tsawon ran ƙarfe yana cikin haɗinsa: me aka zuba, nawa aka zuba, kuma ina abin da aka zuba ya je ya zauna bayan ƙarfen ya huce. A kan waɗannan tambayoyi uku wasu masana a Japan da Amurka da Sin suka ƙarar da shekarunsu, har suka kai ga wani irin alminiyum da a ciki ya fi kama da gilashin taga fiye da tukunya. Gwanintarsu nake so in yaba, amma ba za a ga girmanta ba sai an fara daga murhu.

Abin da muke kira dalma a kasuwa alminiyum ne, wanda tsofaffi ke ce wa sanholo. Dalma ta asali wani ƙarfe ne daban, mai nauyi da guba, kuma za mu dawo kanta. Alminiyum yana cikin ƙarafan da suka fi kwaɗayin iskar oksijin, ya fi baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba. Bisa wannan hali kamata ya yi ya rigaye kowa lalacewa. Abin da ya cece shi kwaɗayin nasa ne. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata fata, siririya ƙwarai, kaurinta nanomita biyu zuwa huɗu, alhali nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda. Tsatsar baƙin ƙarfe ɓarɓashi ce, tana kumbura tana zubewa, ruwa na ƙara shiga. Fatar alminiyum kuwa manne take, ba ƙofa ba taga, kuma in ka kankare ta da wuƙa, kafin ka ajiye wuƙar wata ta tsiro.

Fatar nan tana da maƙiya uku, kuma duka suna cikin madafi. Akwai tsami, irin na tsamiya da yakuwa da tumatir. Akwai kanwa, wadda kaifinta kishiyar tsami ne amma ita ma narkar da fatar take yi, shi ya sa tukunyar da aka saba dafa wake da kanwa a cikinta takan dusashe ta yi duhu. Na uku shi ne mafi wayo: gishiri. Tsami da kanwa gaba ɗaya suke cin fuskar ƙarfe, a hankali, kowa na gani. Sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri kuwa wuri ɗaya mai rauni yake nema, ya huda kamar tsinin allura. Da ramin ya samu, ruwan da ke cikinsa sai ya yi tsami da kansa, ya jawo ƙarin kuloraid, fata ta kasa sake tsirowa a ciki. Daga sama tabo ne ɗan mitsitsi, a ƙasa rijiya ce ake haƙawa. Wannan ne dalilin da ya sa rufin alminiyum da firam ɗin taga suka fi jin daɗin Abuja fiye da bakin teku a Legas, inda iska kanta gishiri take ɗauke da shi.

To ina wurin mai rauni yake fitowa? Nan ne za mu leƙa rumfar mai zubi.

Sana'ar zuba tukwanen alminiyum ta yaɗu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har gobe ga ta a Panteka ta Kaduna, ga ta a Kano da Maraɗi. Abincinta jari-bola ne, irin wanda ake tarawa ana aunawa a pantekokin gefen Abuja kamar ta Dei-Dei: gwangwanin lemo, fistin mota, murfin inji, guntun firam, tsohuwar waya, tukunyar da ta mutu. A idon baƙo duk farin ƙarfe ne. Gwanin zubi kuwa ya san kowanne da halinsa. Ya san kayan inji sun fi gudu a cikin ƙasar zubi, suna cika kowane lungu, amma suna da saurin tsagewa. Ya san gwangwani yana da laushi, ga yawan datti a saman narki. Ba ya kiran sunan silikon, amma da shi yake aiki: fistin mota yakan ƙunshi silikon wajen kashi 12 cikin ɗari, kuma a daidai wannan haɗi ƙarfen yana narkewa a digiri 577, maimakon 660 na tsantsar alminiyum. Sai ya ɗebi wannan ya haɗa da wancan, da ido da nauyin hannu kawai. Ya danna ƙasa mai danshi a jikin tukunyar samfuri, ya raba akwatin biyu ya zare ta, ya mayar ya rufe. Yaro na juya ƙafar keke iska na hura gawayi, shi kuma yana duban launin narkin yana yaye kumfar sama. "Kai, ƙara iska." Idan ƙasar ta cika danshi tukunya ta fito da ƙofofi, idan ta bushe da yawa ta rufta. Babu ma'aunin zafi a rumfar, babu sikelin awon sinadari, amma daga shara yake fitar da abin da zai ciyar da mutum ɗari biyu. Ni kam ban taɓa tsayawa kallon wannan aiki na tafi ba tare da jin nauyin masu yin sa ba.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfin idonsa. Narkakken ƙarfe idan yana hucewa a hankali, ƙwayoyin zarrarsa jeruwa suke yi layi-layi, kamar kunyoyin gona. Kuma ba daga wuri ɗaya jerin ke farawa ba. Dubban gonaki ne ke tashi lokaci guda, kowace da inda kunyarta ta dosa, har su haɗu a iyaka. Manomi ya san a kan iyaka ruwa ke fara zaizaya. Ban da haka, alminiyum ba ya son baƙi a cikin jerinsa. Baƙin ƙarfe, alal misali, abin da yake iya riƙewa narke a jikinsa bai wuce kashi 0.05 cikin ɗari ba. Duk abin da ya haura haka sai ya tattaru ya zama ƙananan tsakuwoyi a warwatse. Baƙin ƙarfe kuwa ba ya rasa hanyar shiga: ga ƙusa da noti da suka maƙale a jikin tarkace, ga kaskon narkin kansa, wanda sau da yawa na baƙin ƙarfe ne, narkakken alminiyum kuma lasar sa yake yi. Jan ƙarfe ma haka, yakan biyo guntun waya.

Kowace tsakuwa irin wannan, idan ruwan gishiri ya kwanta a kanta, batir ce. Ƙarfe biyu mabambanta, manne da juna, cikin ruwa mai ɗaukar lantarki, ai ba abin da ya rage. Tsakuwar ba ta cinyewa, alminiyum ɗin da ke kewaye da ita ne ke narkewa, kuma fatar da ta tsiro a kanta dama ba ta da ƙwari. Zanzanar gindin tukunyar Hajiya ke nan.

Kada a ce ciwon talaka ne. Jirgin sama ma shi yake fama da shi. A 1906 wani Bajamushe, Alfred Wilm, ya gano cewa alminiyum mai jan ƙarfe wajen kashi 4 cikin ɗari yana ƙara tauri da kansa idan aka gasa shi, aka tsoma a ruwa, aka bar shi ya kwana biyu. Jikokin wannan haɗi, irin wanda masana'antu ke kira 2024, su ne fatar jiragen fasinja shekara da shekaru. Jan ƙarfen da ya ba su ƙarfi shi ne kuma ya cika su da ƙananan batura. Ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawai, yana sama rufinsa ya yaye, tsawon fiye da mita biyar. Ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta, matuƙan suka samu suka sauke jirgin. Bincike ya nuna gajiyar ƙarfe a layin ƙusoshi, tare da lalacewar da iskar teku ta daɗe tana yi a mahaɗar falankan. Maganin da aka dogara da shi a lokacin, kuma ba a gama rabuwa da shi ba, shi ne fenti da wanki mai sinadarin kuromet. Yana aiki sosai, amma yana jawo ciwon daji ga masu mu'amala da shi.

A cikin wannan shekara ta 1988 aka buɗe wata ƙofa daban. Kafin mu shiga, bari mu faɗi abin da ake nufi da gilashi, don a wurin masana kalmar ba ta nufin abin da ake hangen waje ta cikinsa. Gilashi shi ne ruwan da ya daskare kafin ƙwayoyinsa su samu damar jeruwa. Mai alewa ya san wannan: sukarin da aka dafa aka huce da sauri yakan zama garau mai ƙyalli, wanda aka bari ya yi yadda yake so kuwa sai ya koma tsaki-tsaki. Mutanen wannan yanki ma suna da nasu misalin a aljihu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ƙyallin da ke jikin tulunan da ta yi a can gilashi ne, garin dutse da toka da makamantansu da suka narke a wuta suka daskare ba jeri, suka toshe duk wata ƙofa da ruwa zai bi.

Yashi da sukari masu nawa ne, ba sa saurin jeruwa, don haka mayar da su gilashi ba wuya. Ƙarfe kuwa kafin ƙiftawar ido ya shiga layi. An daɗe ana ganin ba zai yiwu ba, sai a 1960 Pol Duwez da ɗalibansa a Caltech ta Kalifoniya suka harba ɗigon narkakken zinariya da silikon a kan farantin jan ƙarfe mai sanyi. Ya huce da saurin da ya kai digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa guda, ya daskare a hargitse. Bayan haka aka yi na baƙin ƙarfe, wanda yau ake naɗawa a cikin wasu taransifomomi saboda ba ya ɓarnar wuta. Alminiyum dai ya yi taurin kai. Abin da ake samu ko dai ya jeru, ko ya fito mai karyewa kamar ƙwai. Sai a 1988 ƙungiyoyi biyu, ba tare da haɗa kai ba, suka dace: Akihisa Inoue da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan, da kuma Yi He da Joseph Poon da Gary Shiflet a Jami'ar Bajiniya a Amurka. Sun samu gilashin da alminiyum ya kai kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyinsa, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, ƙarfinsa kuma ya kusa ninka na alminiyum ɗin jirgin sama sau biyu.

Dabararsu dabarar mai rikita sahu ce. Ƙwayar alminiyum matsakaiciya ce. Sai a kawo mata ƙanana, irin su nikel ko kobal ko baƙin ƙarfe, waɗanda ba su kai ta girma ba. A kawo manya kuma daga dangin da ake kira ƙarafa masu wuyar samu, irin su siriyom da itiriyom da lantanom, waɗanda suka fi ta da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Inoue ya taƙaita abin cikin sharuɗɗa uku: sinadaran su kai uku ko fiye, bambancin girmansu ya wuce kashi 12 cikin ɗari, kuma su zama masu son cuɗanya da juna fiye da zama da 'yan uwansu. A ce ka tara ƙwallon goruba da gyaɗa da gero a buhu ɗaya, ka girgiza, ka ce su jeru. Kafin kowa ya gano mazauninsa sanyi ya kama su.

Yadda ake yin sa ma abin kallo ne, kuma duk maƙerin fari da ya gani zai gane ɗan uwansa. Ana auna kowane sinadari a sikelin da ke jin nauyin ƙwayar gero. A narka su cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska aka cika da iskar agon, domin siriyom da itiriyom in suka shaƙi oksijin sun tashi daga aiki. A juya curin a sake narkawa, sau huɗu ko biyar, har haɗin ya game. Sannan a sa guntu cikin bututun gilashin dutse mai ƙaramar ƙofa a ƙasa, a narka shi da lantarki, a turo shi da iska a kan wata ƙafar jan ƙarfe mai juyawa da gudun wajen mita 40 a daƙiƙa. Abin da ke fitowa zare ne mai faɗi kamar na tsohon kaset, kaurinsa bai kai na gashin kai ba, yana tashi yana taruwa a gefe. Gwajin farko da hannu ake yi: a ninke zaren biyu a matse. In ya karye, akwai gyara. In ya ninku lafiya, sai a kai shi gaban hasken eksire. Ƙarfe mai jeri yakan ba da zane mai tsini-tsini, gilashi kuwa tudu ɗaya mai faɗi. Tazarar bakin bututu da ƙafar, zafin narkin, ƙarfin iskar turi, ko ƙafar ta sha goge ko ba ta sha ba, kowanne na iya ɓata aikin yini.

Da farko an ɗauka rashin jerin shi kaɗai ya isa maganin tsatsa. Hankali ma zai ba da haka: babu iyakar gona, babu tsakuwa, to ta ina ɓarna za ta shiga? Amma tun a 1974 wasu masana uku na Tohoku, Naka da Hashimoto da Masumoto, sun ga abin da ya rushe wannan zato. Gilashin baƙin ƙarfe da fosfaras da kabon, ba tare da kuromiyom ba, ya fi baƙin ƙarfe na gama-gari saurin cinyewa. Da aka sa masa kuromiyom wajen kashi 8 cikin ɗari, sai lalacewar ta yi ƙasa har ma'auni ya kasa ganin ta a ruwan gishiri. Ashe hargitsin ƙwayoyi fili kawai yake sharewa. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa ƙarfe ya riƙe baƙin da a da yake tofarwa, ya raba su daidai a ko'ina. Ko baƙin za su tsare gida ko za su ci shi, wannan ya rage ga wanda ya zaɓo su.

A nan ne abin ya fi burge ni. Baƙin ƙarfen da kaɗan daga cikinsa ke huda tukunya, a cikin gilashin alminiyum ana zuba shi har kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyi, ninki ɗari ko fiye na abin da jeri ke iya ɗauka, kuma maimakon ya huda sai ya kare. Sinadari ɗaya ne, mazauni ne ya bambanta. A tukunya ya tattaru ya zama tsakuwa, ya kafa batir. A gilashi kowace ƙwayarsa tana zaune ita kaɗai a tsakiyar alminiyum, babu wanda ya isa ya zama batir. Idan kuloraid ya fara haƙa rami, alminiyum ne ke fara narkewa, ƙwayoyin baƙin ƙarfe ko nikel ko kobal su rage a bangon ramin suna ƙara yawa, har bangon ya yi wa ruwan tsamin wuyar ci. Ramin sai ya mutu tun yana jariri, fata ta rufe shi.

Ana auna wannan da lamba. A tsoma zaren a ruwan gishiri mai kashi 3.5 cikin ɗari, kwatankwacin na teku, a riƙa ƙara masa matsin lantarki kaɗan-kaɗan ana kallon allo. Muddin fatar na riƙe, layin kwance yake. Da ta huje sai ya yi tsalle. Inda ya yi tsallen shi ne ƙarfin halin wannan haɗi, kuma a gilasan alminiyum yana hawa ne gwargwadon yadda aka ƙara ƙananan ƙwayoyin nan. Kuromiyom da molibdinom da tantalom sun fi su ma iya ƙarfafa fata.

Da haka ne kawai da kowa ya zama gwani, a yi ta zubawa. Sai dai kowane ƙari da kuɗinsa. In nikel da kobal suka yi yawa, zaren ya daina ninkuwa ya koma karyewa, nauyi ya ƙaru, alhali don rashin nauyi aka zo wurin alminiyum. Kuromiyom da molibdinom in suka wuce kaɗan sukan hana gilashin samuwa. Manyan ƙwayoyin nan, in babu su babu gilashi, amma su kansu masu saurin kamuwa ne, ba sa jure tsami. Filin da komai ke daidaita ƙarami ne, wani lokaci sauya kashi ɗaya cikin ɗari ya isa ya fitar da kai daga ciki. Kamar kanwa ce a miyar kuka: in babu ita miya ba ta yi ba, in ta zarce an zubar.

Aikin da na fi jinjina wa a wannan fage shi ne na John Scully da abokansa a Jami'ar Bajiniya, kan haɗin alminiyum da kobal da siriyom, kusan 87 da 9 da 4 cikin ɗari. Sun nufi yin riga ce da za a fesa a jikin alminiyum ɗin jirgin sama a madadin kuromet, kuma suka ɗora wa rigar aiki uku. Na farko ta zama katanga, wannan aikin kobal ne, shi ke hana ta hujewa. Na biyu, in an karce ta har ƙarfen ƙasa ya bayyana, ta yarda a ci ta a bar shi. Wannan yana bukatar ta fi ƙarfen da take karewa saurin ba da kai, kuma kobal ɗin da ke ƙarfafa katanga shi ne ke rage wannan hali. Aiki na ɗaya da na biyu ke nan suna jan igiya, sai an nemo ma'aunin da kowanne zai samu rabonsa. Na uku shi ne na siriyom. Tun a shekarun 1980 Bruce Hinton da abokan aikinsa a Ostareliya suka nuna cewa gishirin siriyom yana hana alminiyum lalacewa. A kan tsakuwar jan ƙarfe, inda batir ke aiki, ruwa yakan yi kaifi irin na kanwa, siriyom kuwa da ya tarar da irin wannan ruwa sai ya daskare ya lulluɓe tsakuwar, batir ya mutu. A wani rahoto da suka fitar a 2005, Jakab da Scully sun nuna cewa gilashin nasu yana riƙe siriyom ɗinsa muddin ruwan da ke kansa lafiya yake, ya sake shi idan ruwan ya sauya, wato daidai lokacin da ɓarna ta fara. Riga ce mai ɗauke da maganinta a aljihu. Siriyom ɗin nan kuma ba baƙo ba ne a hannunmu, shi ne ke ba da tartsatsi a ƙanƙarar laita.

Gilashin yana da lagonsa, wato zafi. Ƙwayoyin ba su manta da jeri ba, sanyi ne ya ɗaure su. In aka ɗumama zaren zuwa digiri 200 ko 300, gwargwadon haɗinsa, sai su fara motsi. Matakin farko ma alheri ne: ƙananan gonakin tsantsar alminiyum, masu faɗin 'yan nanomitoci, su tsiro a cikin gilashin, ƙarfi ya ƙaru, kuma gwaje-gwajen Bajiniya sun nuna juriyar huda ba ta faɗuwa sosai a wannan mataki. In aka ci gaba da zafi kuwa nikel da baƙin ƙarfe su tattaru, tsakuwoyi su dawo, a koma gidan jiya. Ga kuma matsalar kauri, don tsakiyar abu mai kauri ba ta hucewa da sauri. Sai a 2009 masana a Shenyang ta ƙasar Sin suka iya zuba sandar gilashin alminiyum mai kaurin milimita ɗaya, da haɗin sinadari biyar, kuma aka ɗauke shi babban labari. Saboda haka babu ranar da Hajiya za ta sayi tukunyar gilashin ƙarfe a Wuse. Inda ake sa ran amfaninsa shi ne riga a jikin wani ƙarfen, da gari da ake matsewa a yi ƙananan kaya.

Mu kuma ina muke a wannan zance? Kusa, kuma nesa. Siriyom da lantanom suna cikin yashin monazait da ke fita tare da kuza a tudun Jos, wanda aka daɗe ana barin sa a tulin ƙasar da aka wanke, ko a sayar da shi ɗanye. Masana'antar narka alminiyum ta Ikot Abasi ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, kuma tun daga nan ta fi daɗewa a kwance fiye da a tsaye. A cikin Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Galadimawa, wadda aka kafa a 2007, tana koyar da ilimin kayan ƙira har matakin digiri na uku, ga kuma cibiyar kimiyya ta Sheda a ƙaramar hukumar Kwali, ƙasar su Ladi. Ba na cewa gobe a fara harba zaren gilashi a Dei-Dei. Abin da nake gani ya fi wannan sauƙi. Ilimin da ya san dalilin da ya sa baƙin ƙarfe ke huda alminiyum a wuri ɗaya ya kare shi a wani, shi ne ilimin da zai ce wa mai zubi ya bi tarkacensa da maganaɗisu kafin ya narka, ya shafe cikin kaskonsa da yumɓu, ya ware guntun jan ƙarfe gefe.

Akwai kuma abin da ya fi yoyo muni. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya samu dalma ta gaskiya tana fita daga jikinsu idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki, binciken da ya biyo baya a wasu ƙasashe ma ya ga haka. Tana shiga ne ta tarkacen da ke ɗauke da ita, irin su abin da aka yi wa like da wasu kayan inji. Ba ta sauya ƙarar tukunya in an ƙwanƙwasa, ba ta barin haske ya ɓullo in an ɗaga ta ga rana, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa. Akwai na'urar hannu, girmanta bai wuce na injin huda bango ba, da manyan dillalan tarkace a duniya ke ɗorawa a jikin ƙarfe ta lissafo abin da ke ciki cikin 'yan daƙiƙoƙi. Guda ɗaya za ta wadaci rumfunan zubi na kasuwa guda, kuma mutumin da ya iya raba fistin da gwangwani da nauyin hannu ba zai kwana biyu bai iya karanta ta ba.